Dogon Suna Da Sunan Kira

Hausawa sun ce suna linzami ne. Ma'anar wannan magana ita ce, kome nisan da mutum ya yi, kome taurin kansa, in aka ambaci sunansa sai ya waiwayo, kamar yadda doki ya kan juyo in an ja shi. To, kowane mahayi ya sani igiyar linzami in ta cika tsawo ba ta juya doki da sauri, in kuwa ta cika gajarta hannu ba ya samun abin riƙewa. Sabo da haka na ga ya kamata mu da mu ke shirin zama malaman makaranta mu tsaya mu yi tunani a kan wannan tambaya: ina iyakar tsawon sunan da za a iya kiran mutum da shi yau da kullum?

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Ban san wani mai sana'a da ya ke kiran sunayen mutane kamar malamin makaranta ba. Likita ya kan kira mara lafiya sau ɗaya ko sau biyu, alƙali ya kan kira mai ƙara ranar shari'a kaɗai, amma malami kowace safiya sai ya buɗe rajista ya bi yara ɗaya ɗaya, daga Litinin har Jumma'a, har shekara ta zagayo. Ban da wannan ga kira a cikin aji, ga kira a filin wasa, ga na yabo, ga na tsawatarwa. Har wa yau sau da yawa hannun malami shi ne hannun farko da ya ke sa sunan yaro a takarda, tun ba a ƙauyuka ba, inda ba kowane uba ne ya ke zuwa karɓar takardar haihuwa ba. Abin da malam ya rubuta ran nan shi zai bi yaron har furfura.

Ni dai abin da na lura da shi shi ne, kusan kowane mutum suna biyu gare shi. Akwai cikakken suna wanda iyaye suka raɗa masa, akwai kuma sunan kira wanda baki ya ke ɗauka kowace rana. Na farko ba shi da wata iyaka sai wadda iyaye suka ga dama. Na biyu kuwa yana da mudu, ko mun so ko mun ƙi. Wahala tana tasowa ne sa'ad da aka ɗauki ɗaya aka ajiye shi a gurbin ɗayan.

Mu fara da mudun baki, mudun nan kuwa numfashi ne. A ce uwa tana daka a tsakar gida, sai ta hango ɗanta mai rarrafe ya nufi murhu. Ina ta ga lokacin cewa Abdurrahmanu? Kafin ta kai ƙarshen sunan, yaro ya tsoma hannu a wuta. Ko kuwa ku tsaya a bakin filin ƙwallo na kwalejin nan wata yamma ku kasa kunne. Ba za ku ji ana kiran kowa da suna mai gaɓa biyar ba. Abin da za ku ji shi ne Pam, Sule, Tunde, Audu, Emeka, watau gaɓa ɗaya ko biyu, in ya yi yawa uku. Babu sarkin da ya kafa wannan doka, babu makarantar da a ke koyar da ita, amma kowa yana bin ta, domin wanda ya ke gudu ba shi da numfashin ɓatawa.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan. Ranar bakwai a kan yanka rago a raɗa wa jariri suna cikakke, amma kafin ya fara tafiya an riga an rage masa tsawo. Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahimu ya zama Iro, Sulaimanu ya zama Sule, Idrisu ya zama Idi. Abubakar ya zama Abu ko Habu, a wajen Barebari Bukar, a wajen Filani Buba. Wani suna daga gaba a ke yankewa a bar wutsiya, kamar yadda Zakariya'u ya ke komawa Ya'u, A'ishatu ta koma Shatu, Zainabu ta koma Abu. Haka nan Maryamu ta zama Mairo, Hadijatu ta zama Dije, Rabi'atu ta zama Rabi. Wani lokaci ma ba a yanka sunan, sai a sake shi ɗungum da laƙabinsa, a ce wa Abubakar Garba, a ce wa Umaru Sanda, a ce wa Usumanu Shehu. Ga kuma alkunya. Yaron da aka mai da masa sunan kakansa, uwarsa ba ta iya ambaton sunan surukinta, sai ta ce Abba ko Baba, yarinya kuwa a ce mata Ummi. Ku ƙidaya gaɓoɓin waɗannan sunaye duka, za ku tarar galibinsu biyu biyu ne.

In muka dubi maƙwabtanmu na Kudu sai mu ga abin ya fi fitowa fili, domin su sunayensu magana ce sukutum. Bayarabe in ya ce Oluwafunmilayo, cewa ya yi Ubangiji ya ba ni farin ciki. In ya ce Babatunde, cewa ya yi uba ya komo. Ibo in ya ce Chukwuemeka, cewa ya yi Allah ya yi babban abu. Iyaye sun zauna sun dubi halin da su ke ciki ranar haihuwa, ko daɗewa ba a sami ɗa ba, ko mutuwar tsoho a gidan, ko tsira daga wata masifa, suka ƙulle labarin duka a cikin kalma guda suka rataya wa yaro. Amma su ma bakinsu bai fi namu ƙarfi ba. Oluwafunmilayo ta zama Funmilayo, daga nan ta zama Funmi, Babatunde ya zama Tunde, Chukwuemeka ya zama Emeka. Marubucin nan da ya sami kyautar Nobel a 1986 cikakken sunansa Akinwande Oluwole Babatunde Soyinka, duniya kuwa Wole ta sani. Chinua Achebe sunansa Chinualumogu, watau Allah ya yi yaƙi domina, haruffa 12, aka rage ya koma shida. Har sunayen iyali ba su tsira ba, gama mutanen ƙasar nan Zik su ke ce wa Azikiwe, Awo su ke ce wa Awolowo.

A ƙasar Filato da Binuwai kuma iri biyu ne. Birom suna da sunaye gajeru ƙwarai, irin su Pam, Dung, Gyang, waɗanda ba su da abin yankewa. Tibi kuwa suna da masu tsawo da yawa da su ke farawa da Aondo, watau Allah, kamar yadda waɗansu ƙabilun Filato su ke fara nasu da Nan ko Nen. Turawa ma haka su ke, Elizabeth ta zama Liz ko Betty, William ya zama Bill. Ashe dai ba halin wata ƙabila ba ne, halin bakin ɗan Adam ne.

Mu da muka tashi a hannun mishan muna da namu labarin. Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, iyayenmu da kakanninmu suka sami rumbun sunaye, suka yi ta ɗiba: Bitrus, Bulus, Yohanna, Filibus, Andarawus, Saratu, Rifkatu, Hannatu, Alisabatu. Waɗansu kuma suka fi son sunan da kowa zai ji ma'anarsa, suka sa Alheri, Godiya, Murna, Salama. A cikin rumbun nan akwai sunan da ya fi duka tsawo, na ɗan annabi Ishaya, wanda ya ke a sura ta 8 ta littafinsa, watau Maher-shalal-hash-baz, haruffa 18. Sa'ad da mu ke yara mu kan yi gasar faɗinsa da sauri a makarantar Lahadi, kowa ya yi tuntuɓe a yi masa dariya. Sai da na girma na ƙidaya na tarar gaɓa shida ne kawai, Oluwafunmilayo kuwa bakwai. Ke nan akwai yara a ajujuwanmu yau masu ɗauke da sunan da ya fi na ɗan annabin nan tsawo a baki.

Ni kaina sunan da aka raɗa mini a majami'a Istifanus ne. Kakata ta wajen uwa sunan ya yi mata nauyi, ta gwada ta gwada, daga baya ta ajiye shi ta ce mini Ɗanladi, tun da ya ke ran Lahadi aka haife ni, gida duka kuwa suka bi ta. Abokan wasa suka yanke kan sunan suka bar Fanus. Da na shiga makaranta wani malami ya dubi sunan ya ce ai wannan da Turanci Stephen ne, ya yi ta kirana haka shekara guda cur, ba tare da ya tambaye ni ko ya tambayi mahaifina ba. Yanzu in aka kira ni daga baya, tun ban waiwaya ba na san ko wane ne. In na ji Ɗanladi, na san mutumin gida ne, zuciyata ta kwanta. In na ji Fanus, na san wanda muka yi kiwon awaki tare ne. In na ji Istifanus cikakke daga bakin mahaifiyata, na san magana ce mai nauyi, sai in gyara zama. Sunan nan na huɗu kuwa, ko da ya ke ma'anarsa ɗaya da nawa, har na bar ajin nan ban taɓa jin ni a ke kira ba. Na kan amsa ne don tsoron bulala.

Wannan ya kawo ni ga abin da na ke ganin shi ne ainihin maganar. Yanke suna tilas ne, amma wa ke da wuƙar? Kakata ta sake mini suna, malamin nan ma ya sake mini suna, amma ba ɗaya ba ne. Ita ta yi don ƙauna, ta kuwa ba ni abin da ya ke nawa, ranar haihuwata. Shi ya yi don sauƙin bakinsa. A sura ta farko ta littafin Daniyel an ba da labarin samari huɗu da aka kwashe daga ƙasarsu zuwa Babila, aka sa su koyon harshe da karatun mutanen wurin shekara uku, watau dai makaranta ce. Abin da shugabansu ya fara yi shi ne ya sake musu sunaye. Ku duba abin mamaki: Daniyel har yau da sunansa na gida mu ke kiransa, amma abokansa uku, Hananiya da Mishayel da Azariya, yaro nawa ne a makarantar Lahadi zai gane su? Sai ka ce Shadrak da Meshak da Abednego sa'an nan a ɗaga hannu. Sunan makaranta ya haɗiye na gida.

A ƙasarmu ma an yi irin wannan. Yaron nan Ajayi da aka kuɓutar daga jirgin bayi, da aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825 sai aka ba shi sunan wani Bature na Ingila, Samuel Crowther, ko da ya ke shi bai yar da Ajayi ba har ya zama bishop a 1864. Achebe an sa masa Albert, da ya girma ya ajiye shi. Janar Yakubu Gowon abokan aikinsa na soja Jack su ke ce masa. A makarantun boko na Arewa kuma a zamanin Turawa, da Muhammadu da Abubakar suka yi yawa a aji, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu don a bambanta shi. Ta irin wannan al'ada ce muka sami sunaye kamar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari, dukansu kuwa sun yi aikin malanta kafin su shiga siyasa. Dubi ƙarfin rajista! Abin da aka rubuta don sauƙin kiran suna da safe ya zama sunan da tarihi ya riƙe.

Ban da wanda ya ke yankewa, akwai kuma wurin da ya kamata wuƙa ta bi, gama suna kamar rake ne, yana da gaɓa, ba ko'ina a ke sara ba. Abokaina Musulmi na kwalejin nan sun bayyana mini cewa Abdurrahman ma'anarsa bawan Mai rahama. In ka ce masa Abdul ka ce bawan, ka yi shiru, ba ka faɗi na wa ba. In kuwa ka ce masa Rahman kaɗai, ka kira ɗan Adam da sunan Mahaliccinsa, malamai kuwa ba su yarda da wannan ba. Baƙon malami da bai san haka ba zai iya ɓata wa iyayen yaro rai alhali shi yana tsammani wasa ya ke yi. Haka nan Yarbawa sun san inda sunayensu su ke karyewa, su kan ɗauke Oluwa ko Baba ko Ade daga gaba su bar sauran, abin da ya rage kuwa yana nan da ma'ana. Wanda ba ya jin harshen in ya ce zai yanka da kansa, sai ya sara a tsakiyar kalma, ya fito da abin da ba shi da ma'ana, ko ma ya fito da abin dariya wanda yara za su liƙa wa ɗan'uwansu har ya gama makaranta. Kowa a cikinmu ya san wani da ya sha irin wannan baƙin ciki.

Yanzu sai mudu na biyu, watau na takarda. A zamanin kakanninmu takarda ba ta damu kowa ba, amma yau mutum ba ya motsi sai da ita. Hukumar jarrabawa ta WAEC tana nan tun 1952, JAMB tun 1978, bankuna suka kawo lambar BVN a 2014, a 2021 kuma JAMB ta ce ba mai rajistar jarrabawarta sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Duk waɗannan sunaye a kwamfuta su ke, kwamfuta kuwa ba ta san alkunya ba, ba ta san laƙabi ba. Ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Ba ta san Muhammadu da Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne ba. Ita harafi ta ke dubawa, in ɗaya ya saɓa sai ta ce mutum biyu ne.

Takarda ma tana da iyakar tsawo. Wanda ya ke da fasfo ya buɗe shafin hotonsa ya dubi ƙasa, zai ga layi biyu na haruffa waɗanda na'ura ta ke karantawa. Kowane layi gurbi 44 ne, a layin farko kuwa gurbi 39 kaɗai aka ware wa suna, sunan iyali da na yanka duka a haɗe, har da tazarar da ke tsakaninsu. Wannan ƙa'ida ce ta duniya, ba ta Nijeriya kaɗai ba. Abin da ya wuce haka sai a datse shi. Na gwada da sunayen Soyinka huɗu da na ambata, na ga za su cinye gurbi 36, saura uku ke nan. A layin nan kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ɗaurin da mu ke sa wa Sa'adatu, sai haruffan Turanci zalla.

Ga abin da na gani da idona. A unguwarmu akwai wani tela Bayarabe, mutumin kirki, 'yarsa sunanta Oluwadamilola, a gida Lola a ke ce mata. Ranar da aka kai ta makaranta, wanda ya ke riƙe da rajista ya ji sunan ya ce ba zai shiga layi ba, ya tambaya me a ke kiranta a gida, ya rubuta Lola. Daga wannan rajista aka kwafa zuwa wata, daga firamare zuwa sakandare, har sunan ya hau takardar sakamakon jarrabawarta. Takardar haihuwarta kuwa cikakken suna ta ke ɗauke da shi, lambarta ta ɗan ƙasa ma haka. Yarinya ta ci jarrabawa da kyau, amma da ta je inda ta nemi shiga aka ce takardun nan ba na mutum ɗaya ba ne. Uban ya rufe shago ya shiga zirga-zirga, yau kotu don takardar rantsuwa, gobe gidan jarida don sanarwa, jibi wani ofis a ce ya dawo mako mai zuwa. Kafin a gama gyara an rufe ɗaukar ɗalibai. Ta zauna gida shekara guda tana sa maɓalli a shagon ubanta, sa'o'inta suna karatu. Duk wannan sabo da wani ya ƙi rubuta haruffa tara.

Mun yi gardamar wannan magana wani dare a ɗakin kwananmu. Wani abokina ya ce laifin iyaye ne. Ya ce me zai sa a ɗora wa jariri kayan da ba zai iya ɗauka ba? Sunan da ba a kiran mutum da shi, in ji shi, kamar riga ce da aka ɗinka aka kulle a akwati, gara a yi irin na Birom, a sa gajere tun farko kowa ya huta. Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, ban ƙi ba. Wanda ya koyar a aji ɗaya ya sani ranar da a ke koya wa yara rubuta sunansu, Ali ya kan gama haruffansa uku ya fita wasa, mai haruffa goma sha uku tana nan tana fama da alli har hawaye ya zo. Iyayen da su ke jera wa yaro dogayen sunaye uku ko huɗu kuma ya kamata su tuna da gurbin nan 39.

Amma na ce masa, rigar da ke cikin akwati ba banza ba ce. Babbar riga ba a zuwa gona da ita, duk da haka ba wanda ya ce a daina ɗinka ta, gama akwai ranar salla, akwai ranar Kirsimeti, akwai ranar aure. Cikakken suna shi ne babbar rigar mutum. Da shi a ke kiransa ranar suna, da ranar ɗaurin aure, da ranar da zai hau dandamali ya karɓi takardar shaidarsa, da ranar da za a yi masa addu'a ta ƙarshe. A cikinsa iyaye suka ajiye godiyarsu da roƙonsu. Matar da ta yi shekara goma ba haihuwa, sa'an nan ta samu, wa zai ce mata ta taƙaita godiyarta don layin rajista ya yi kaɗan? Game da ɓata lokaci kuwa, mu yi lissafi. A ce aji yana da yara 50, a ce kowane suna ya ƙara daƙiƙa biyu a kan yadda a ke so, duka duka daƙiƙa 100 ke nan, ko minti biyu ba su cika ba. Mu kan ɓata fiye da haka wajen neman alli.

To, ga amsar da na ke bayarwa ga tambayar da na fara da ita. A baki, gaɓa biyu ko uku shi ne daidai. Huɗu shi ne bakin iyaka, irin su Muhammadu da Abubakar da Istifanus, waɗanda wani lokaci a kan faɗe su cikakku, wani lokaci a rage. Daga biyar zuwa sama kuwa lalle za a yanka, ko iyaye sun yarda ko ba su yarda ba. Sabo da haka duk wanda zai sa wa ɗansa dogon suna, shawarata ita ce ya tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya ya kira sunan sau uku kamar yaron yana can bakin rafi. Abin da bakinsa ya gajarta da kansa a kira na uku, shi ne sunan da yaron zai rayu da shi. In ya yi masa daɗi, to, madalla. In bai yi ba, sai ya zaɓi gajeren da ya ke so tun yaro yana goye, ya saba wa mutanen gida da shi, kafin 'yan unguwa su riga shi. A takarda kuwa suna ya shiga cikakke, da rubutu iri ɗaya, daga takardar haihuwa har ta fansho.

Mu malamai kuma abu uku na ke roƙon mu riƙe sa'ad da aka tura mu makarantu. Na farko, ranar ɗaukar sababbin yara kada mu yi gaggawa. Mu nemi takardar haihuwa mu kwafa harafi harafi, in babu ita mu sa uba ko uwa su faɗi sunan a hankali, mu rubuta, mu karanta musu su ji. In layi ya kasa, a ci layi biyu, takarda ba ta fi yaro tsada ba. Na biyu, mu tambayi yaron da kansa sunan da ya ke so a kira shi da shi a aji, mu rubuta wannan da fensir a gefe, kada ya shiga gurbin na ainihi. Na uku, in suna ya yi mana nauyi mu koye shi, kada mu sake shi. Mu da aka koya mana faɗin Nebukadnezzar tun muna ƙanana, mu ke kuma haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai ba tuntuɓe, ba mu da hujjar cewa Aondona ko Chukwuemeka ko Abdulmumini ya fi ƙarfin harshenmu. Yaro ba ya jin haushin malamin da ya yi kuskure yana ƙoƙari, har ma ya kan ji daɗin ya ga yau shi ne ya ke koya wa malam.

Bafilatani makiyayi ya san shanunsa ɗaya ɗaya, kowace da sunanta, in ya kira ta sai ta ɗago kai daga cikin garke ta nufo shi. In mai kiwon dabba ya iya wannan, mai kiwon 'ya'yan mutane ba shi da abin fakewa. Iyaye za su kawo mana yaransu kowanne da sunan da aka yi masa addu'a a kai, wajibinmu ne mu mai da musu su da sunan nan bai ragu ba. Allah ya ba mu haƙurin koyo da na koyarwa, amin.